Wa Ya Faɗa Maka, Kaka?

ASTA: Salamu alaikum. Halo? Ana jina?

MALAM ARMAYA'U: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya kaɗan, layin na ƙara.

ASTA: Malam Armaya'u ne, na sakandare? Asta ce, daga Babban Duhu. Na shigo Batsari kasuwa, wani akawu ya taimaka mini da wayar ofis. An wuni lafiya?

MALAM: Lafiya lau, Inna. Ina gajiya?

ASTA: Babu gajiya. Ya iyali? Ya ɗalibai?

MALAM: Alhamdu lillahi. Ya dabbobi?

ASTA: To... da godiya. Ni ce uwar yaron nan namu na aji biyar.

MALAM: Uwaisu? Inna, sati biyu da dawowa daga hutu ba mu gan shi ba! Jarrabawar fita saura kwana goma. Ko ba shi da lafiya?

ASTA: Lafiyarsa ƙalau. Akwatinsa ne ke kulle a ɗakin kakansa. Malam, kai ke koya musu darasin nan na tantance labari?

MALAM: Ni ne. Nakan kawo jaridu, mu gwada su da abin da rediyo ya faɗa. In sun ji magana su tambaya: wa ya faɗa, ya gani da idonsa, me zai samu.

ASTA: To ya tambaya.

MALAM: Wa?

ASTA: Kakansa. Ka san cutar bushiya ta shigo garken mutane. Aka ce masu allurar shanu na tafe. Ranar wani suna, gaban dattawa, tsohon ya ce allurar ce ke kashe shanun. Sai yaron ya ce, "Kaka, wa ya faɗa maka? Ya gani da idonsa?"

MALAM: Inna lillahi! A cikin taro?

ASTA: Har wani ya yi dariya. Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa mayar masa da magana ba. Ka koya masa tambaya, Malam, ba ka koya masa wanda ake yi wa ita ba.

MALAM: Laifina ne. Bari in zo in durƙusa in ba shi haƙuri.

ASTA: Ba haƙuri yake so ba. Ya rantse. Sai yaron ya tsaya gaban dattawan nan ran Juma'a ya ce ya bincika a boko, allurar na kisa. Sannan ya ba shi akwatinsa.

MALAM: Shi yaron me ya ce?

ASTA: Ya ce bai gani ba, ba zai faɗa ba. Ya ce sai in kai ka ce ya faɗa.

MALAM: Inna, in ɗan sakandare ya faɗi haka, babu mai kawo ko maraƙi a yi masa allura a garinku.

ASTA: Na sani. Ni ma na karanta takardar masu allurar, baƙi-baƙi, yadda na koya wa kaina da tsofaffin littattafansa. Uwa ba ta sa ɗanta ƙarya, ina tsoron Allah. Amma shekara biyar, Malam! Nono na sayar har ya kai nan.

MALAM: Mahaifinsa fa?

ASTA: Shi ya isa ya ɗaga ido gaban ubansa? Mai ofis na nuna mini agogo. Me zan ce wa yaron?

MALAM: Wallahi, Inna, wannan ba ya cikin abin da na koyar. Ki ba ni zuwa gobe.

ASTA: Gobe ba mota, ba waya. Yau zan koma da amsa.

MALAM: To... ki ce masa... ki ce na ce...

ASTA: Ɗaga murya, Malam, ƙara kawai nake ji! Ka san zai tambaye ni ko da kunnena na ji. Malam? Halo? Malam!