Yatsun Uwar Amarya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Naseem a Riyad nake rubutowa.

Ɗana Bashir yana neman auren Sadiya, 'yar maƙwabcinmu ɗan Pakistan. Ranar da muka je gaisuwa, na kira yayata da ke Kano ta bidiyo don ta ga mutanen. Duk falon nan ba ta ga komai ba sai yatsun uwar yarinyar, waɗanda amosanin gaɓɓai ya lanƙwasa, tana zuba mana shayi.

Washegari Yaya ta bugo: "Kai Sani, mutanen can gadon ciwon nan suke yi. Kada ka jawo wa jikokinmu!"

Na ce, "Yaya, na karanta, na kuma tambayi likita. Gado yana ƙara haɗari, amma ba hukunci ba ne, kuma ciwon ba ya duba fasfo. Mu da hawan jini ya bi dangi kaf, har ke, wa ya hana mu aure?"

Ta rantse ba za ta zo biki ba. To, an sa rana, kuma ba za a ɗaga ba.

Shawara ɗaya nake nema wurin masu sauraro: Pakistanawa suna cin goro, ko dabino zan kai? A gaishe mini da Yaya, na san tana ji.