Ampul Tana Ci, Na Yi Shiru

Shugaban wannan zama, Sarkin Fawa, Malam Liman, iyayena mahauta, iyayena mata masu sarin nama, jama'ar New Bell manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba ni dama, ni Affan da ban wuce aji huɗu ba, in buɗe baki a gabanku. Kun taru ne don ku karɓe makullin ɗakin sanyi daga hannun Baba Bukar, saboda gurup ɗinmu biyu, wato injinan ba da wuta, sun ƙone, naman shanu shida ya ruɓe. Kafin ku yanke hukunci, ku ji abin da idona ya gani.

Da farko, aikin kansa. Tun da ƙasa ta shiga wannan matsi kullum ake ɗauke kuran, wato wutar lantarki, gurup ɗaya kuma ba ya riƙe ɗakin, sai an haɗa biyu. Ba a haɗa su da ka. Ku dubi 'yan dako biyu a kasuwar Sandaga: ko ƙarfinsu ɗaya, in wannan ya ɗaga wancan bai ɗaga ba, kaya sai ƙasa. Shi ya sa Baba ya ɗaura ampul, wato ƙwan fitila, tsakanin wayoyin gurup biyun. In tana ci, akwai tazara tsakaninsu. In ta mutu murus, tafiyarsu ta zo ɗaya, sai a danna makunni a haɗa su. Shekara bakwai yana koya mini wannan.

Sai ranar Talata. Azahar ce, hasken rana ya cika ɗakin gurup. Baba ya ɗora hannu a kan makunni, ya ce, "Ta mutu ko, ɗana?" Wallahi tana ci. Amma Sarkin Fawa na tsaye, baƙi na tsaye, ni kuma an raine ni a kan ba a gyara wa babba magana a gaban mutane. Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka na ce e, ya danna, gurup biyun suka ƙone.

Wata biyar ina lura yana kawo wayar wuta dab da hancinsa kafin ya gane launinta. Nan ma shiru na yi, ina cewa ladabi ne. Da-na-sani ƙeya ce, iyayena, ga ta kuwa na sha.

Ina roƙonku ku bar masa makullinsa. Hannu nasa ne, amma ido nawa ne, kuma idon ne ya ci amana. In kora ce, ni za a kora.

Baba, ka yi mini tambaya ranar Talata. Ga amsarka, ko da ta makara: tana ci, Baba, kada ka danna.

Allah Ya mayar muku da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiyar ido, Ya fitar da ƙasar nan daga ƙunci, Ya ba yaranmu kunyar da ba ta hana faɗin gaskiya.

Na gode.