Ƙasa Bakwai Kafin Ruwa

AUTA: Salamu alaikum, Baba. Kana jina?

BABA: Wa alaikumus salam. Auta ce? Ya karatu? Ya ɗakin naku, an gyara famfon?

AUTA: An gyara. Ya ƙafar? Ya su Yaya da yara?

BABA: Kowa lafiya. Ƙafa kuwa da sauƙi, tun da yanzu ba na shiga rijiya, sai dai in zauna ƙarƙashin bishiya ina wa masu haƙa surutu. Kin ci abinci?

AUTA: Na ci. Baba, dama…

BABA: Muryar nan ba ta wadda ta ci abinci ba ce. Faɗa mini.

AUTA: Kundina na kammala digiri ne. An ce na yi satar rubutu. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamiti, in suka tabbatar, shekarar nan ta tafi, wataƙila ma su kore ni.

BABA: Satar me? Littafi kika ɗauke musu?

AUTA: A'a, rubutu! Wato ka kwashi maganar wani ka sa a aikinka ba ka ambace shi ba. Akwai kwamfutar da ke dubawa. Shafi uku ta shafa wa ja, ta ce daga littafin wani farfesa na kwafa, kusan kalma da kalma. Wallahi ban taɓa buɗe littafin ba.

BABA: To me ke cikin shafukan?

AUTA: Ƙasa bakwai ɗin nan da ake ratsawa kafin a kai ruwa, da kake lissafa mana muna yara. Ja, da baƙa, da mai tsakuwa, har zuwa ta ƙarshe, mai ƙamshin ruwan sama na farko. Hello? Baba?

BABA: Ina nan. Iska ce. Farfesan nan, dogo ne mai tabarau?

AUTA: Akwai hotonsa a bayan littafin. Dogo ne, amma ya yi furfura.

BABA: Ikon Allah! Lokacin da ya zo wurin haƙarmu saurayi ne, takalminsa fes, har tausayin takalmin nake ji. Sati uku yana zama kan bokitin da muka kife, da ɗan littafinsa, ina zuba yana rubutawa. Ashe maganata ta yi jami'a kafin ke.

AUTA: Baba, kai dariya ma kake yi! Ni kwana biyu ina kuka. Sai da wata ƙawata ta ja ni ofishin da ke taimaka wa ɗalibai kan rubutu. Malamar wurin ta ba ni kujera, ta ce in karanta mata shafukan. Na rufe takardar na kawo su da ka. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "A bakin wa kika ji wannan?"

BABA: Mace mai hankali.

AUTA: Amma ta ce ni ma da laifina. Na ɗauka abin da mutum ya ji a gida nasa ne. Ta ce a'a, ko mahaifinka ne sai ka ambace shi. In naɗi muryarka, in rubuta cikakken sunanka da ranar da muka yi magana, in ambaci littafin farfesan shi ma. Ita za ta raka ni gaban kwamitin. Baba, sunanka zai shiga laburare fa. Bene na uku, kusa da taga, inda rana ke sauka kan kantoci da la'asar.

BABA: Hmm. Kin san in kana can ƙasan rijiya, sama ɗan faifai ce kawai. Shiru, sanyi, numfashinka kaɗai kake ji. Ka cika bokiti, ka girgiza igiya, ya tafi yana juyawa har ya shige cikin hasken. Sai wata fuska ta leƙo…

AUTA: Na danna naɗin, ci gaba.

BABA: To naɗa da kyau. Ni hancina bai taɓa jin ƙamshin nan ba, Auta. A ƙasa komai wari ɗaya gare shi. Mahaifiyarki ce ke karɓar bokiti a bakin rijiya. Ta damƙi ƙasar, ta sansana, ta leƙo ta ce, "Saura kwana biyu." Ba ta taɓa kuskure ba. Ita ta jera su bakwai, ita ta raɗa musu suna.

AUTA: Inna? Amma ba ka taɓa…

BABA: Ban taɓa ba. Mai tabarau yana rubutu, tana gefe tana jan igiya, ina ta "ni na gano, ni na lura". Murmushi kawai ta yi. Har ta bar duniya ban gyara ba. Abin yana ci mini rai, yau na faɗa. In akwai wanda ya kamata ya tsaya gaban kwamitin nan, ni ne.

AUTA: Baba…

BABA: Kar ki yi kuka, kya ɓata naɗin. Takardar taku tana ɗaukar suna biyu?

AUTA: Tana ɗauka.

BABA: To sa nata a sama, nawa a ƙasa. Dama haka muka yi aikin.

AUTA: Ka faɗi sunan nata cikakke, a ji da muryarka. Baba? Hello? Baba, layin ne?

BABA: Ba layin ba ne. Ba ni minti ɗaya.