Maƙwabcinmu na Bayan Katanga

Assalamu alaikum. Shugabar wannan cibiya, manyan malamai abokan aikin marigayi, Inna mai ɗakinsa, ƙannensa da 'ya'yansa, ɗalibai da sauran jama'a, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni mai walda ne. Rumfarmu ce ke manne da katangar ɗakin binciken Malam, kuma da bakin 'yan rumfar nake magana.

Ba da daɗi muka san shi ba. Aiko mana aka yi mu tashi, wai aikinmu na ɓata nasa. Washegari sai ga shi da kansa. Maigidana ya ce, "Malam, me muka ɓata maka? Ko tartsatsi bai tsallaka ba." Malam ya ce, "Ku zo ku gani, amma makulli da waya su tsaya a ƙofa."

Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, ga na'ura a tsakiya ta fi mutum tsayi. Ya ce madubin ƙara girma ce, sai dai da lantarki take gani. Ya saka wani fallen ƙarfe wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Allon na'urar ya yi toka-toka, ba komai. Maigidana ya ce, "A kan wannan za a kore mu?" Malam ya yi dariya, ya ɗan kautar da saitin da gangan. Sai ga ɗige-ɗige a jere kamar saƙar zuma. Ya ce kowane ɗigo maganaɗisu ne da ya murɗe kamar guguwa, kuma ana fatan wata rana a adana bayanai a cikinsu. Sannan ya aika a ce wa ƙanena da muka bari a rumfa ya kunna walda. Nan take hoton ya kama rawa, ya dagule.

Maigidana ya ce, "To, mu kwashe kayanmu ke nan." Malam ya ce, "Wa ya ce? Ni ban nemi a kori kowa ba. Mu raba ranar. Safiya tawa, daga azahar taku."

Ya kasance in yana son ƙarin lokaci, ba ya aike. Da ƙafarsa yake zagayowa, ya tsaya bakin rumfa ya roƙa a ɗan dakata. Har muka sa masa suna Malam A-Dakata, ya ji, kuma yana amsawa. Ya kasance in aiki ya matse mu, yakan bar mana safiyarsa, ya koma duba rubutun ɗalibai. Ya kasance in hoto ya fito da kyau, mu yake fara nuna wa, ya ce, "Da hannunku a ciki." Maigidana ya ce, "Hannun da muka naɗe?" Ya ce, "Shi fa."

Da aka ce ya rasu, mun yi kuka, mun kuma ji tsoro. Alkawarin na baki ne, mai bakin ya tafi. Maigidana har ya fara cigiyar fili.

Inna, mun ji abin da kika yi. Ana tsakiyar karɓar gaisuwa kika tura babban ɗanki wurin Shugaba, kika ce maƙwabtan mijinki ba za su tashi a bayan ransa ba. Wanda yake cikin irin naki rashin, ba a sa ran ya tuna da masu walda. Shugaba, kin aiko mana jiya cewa maganar Malam tana nan. Mun gode.

Ke kuma ɗalibarsa da ba ki gama aikinki ba, ƙanwata, kada ki ji nauyinmu. Safiya taki ce har ki gama, da duk wanda zai zo bayanki.

Na gode da kuka saurari wanda bai yi zurfi a karatu ba. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya riƙa wa Inna da yaran nan. Yadda ya kyautata maƙwabtaka da mu, Allah ya ba shi maƙwabta nagari a can. Amin.