Jarka Mai Jan Ƙyalle da Sunan Irimiya Josiah

Rabaran da dattawan wannan ikilisiya. Mai unguwar Tunga da masu rakiyarsa. Malam Liman, da ka tsallako titi ka zauna tare da mu. Iyayenmu da suka taso daga Gwada tun da sassafe. Shugabannin ƙungiyar kanikawa. Shugaba da 'yan kwamitin ƙungiyarmu ta masu tayar da ƙananan jirage. Mama Hannah, uwargidan marigayi, da ke Faith 'yarsa, da sauran dangi: ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashi.

Sunana Isaiah Eric. Aikin jarida na yi har na ajiye, kuma ɗan ƙungiyar nan ne ni tun kafuwarta. 'Yan kwamiti sun ba ni minti goma, sun roƙe ni in tsaya kan alheri kawai. Lokacin zan kiyaye shi. Roƙon kuwa ba zan iya cika shi ba, domin akwai takarda a ofishin ƙungiyarmu da ta ce mutumin da muka taru dominsa mai sakaci ne da ya nakasa wata baiwar Allah, kuma har yau ba a janye ta ba.

Irimiya Josiah ya kasance ɗan manoma daga Gwada, wanda ya shigo Minna da akwatin sifana ya buɗe rumfar gyaran janareto a nan Tunga. Ga waɗanda ba su taɓa zuwa filinmu na bayan gari ba: jiragen da muke magana ƙanana ne, na katako mara nauyi, faɗin fikafikansu kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Mai jirgi yana tsaye a ƙasa yana sarrafa shi da rimot. A hancinsa akwai injin fetur da bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, ɗan'uwan injin yankan katako. Mu muna da kuɗin sayen jiragen. Irimiya ne ya san abin da ke cikin hancinsu.

Ya kasance mutum mai tsari har ya gundure ka. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake gauraya masa, shi ne abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Irimiya da sirinji yake auna man, kashi ɗaya cikin talatin ga sabon inji. Ya tace fetur da ƙyalle sau biyu. In ya gama haɗi, sai ya naɗe murfin jarkar da salatif, ya ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Duk wanda ya taɓa taka filin nan ya san dokar: jarkar da ba ta da jan ƙyalle ba ta kusantar jirgi.

Ya kasance ba ya barin sabon inji ya tashi sama sai ya sha tanki biyar a ƙasa, ɗaure a jikin turke, yana gurnani a hankali har zoben fistin ya zauna. Ya kunce filogi ya dubi launinsa. Ya murɗa allurar kafireto kaɗan, ya karkata kai ya saurara. Ya bi kusoshi ɗaya-ɗaya domin girgiza tana kwance su. Ya sa ka ɗauki rimot ka yi nisa inji na aiki, a ga ko wutar filogi tana rikita saƙon. An tashi kuwa, sai ya zuƙe sauran fetur daga tanki kafin kowa ya hau mota. Na taɓa ce masa, "Baba Irimiya, rana fa za ta faɗi." Ya ce, "Isaiah, ta faɗi mana. Ita in ta faɗi gobe za ta taso. Naka in ya faɗi, a buhu za ka kwashe shi."

Wannan shi ne mutumin da takardar ta kira mai sakaci. Yanzu ga yadda abin ya faru, bi da bi.

Shekara huɗu ke nan, wata Asabar a watan Oktoba, wata makaranta ta gayyace mu mu nuna jirage a ranar wasanninta. Shugabanmu, Injiniya Christopher Julius, ga shi zaune a layin gaba, ya zo da sabon jirgi, mafi girma da aka taɓa gani a ƙungiyar. Injinsa tanki ɗaya kacal ya sha a ƙasa. Irimiya ya ce ba zai tashi ba, balle a kan taron jama'a. Mutum shida muna tsaye da Injiniya ya ce masa, "Baba Janareto, manyan baƙi na zaune. Kai dai ɗaure kusoshi ne naka." Irimiya ya ce, "Oga, yi haƙuri. Mako biyu kawai, ni da kaina zan kunna maka shi."

Da ya ga ba a ji ba, sai ya yi abin da ya zaci ya isa. Ya karɓi makullin motata, ya sa jarkar mai jan ƙyalle a but, ya kulle, ya dawo mini da makullin. A tunaninsa, babu haɗaɗɗen mai, babu tashi. Daga nan ya tafi can ƙarshen fili duba janareton lasifika da ya mutu. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin da ya yi shekara bakwai a filinmu zai ɗauki jarkar janareton makaranta, fetur zalla, ya ɗura wa jirginsa ba.

Jirgin ya tashi, an yi tafi. Minti uku da 'yan kai injin ya kame a sama. Ƙwararren hannu zai iya sauko da jirgin da injinsa ya mutu a fili. Wannan hannun ya ruɗe, ya juya shi wajen rumfuna. Ya sauka a kafaɗar Malama Kubura, mai sayar da zoɓo daga Kasuwar Kure. Tana nan tare da mu a baya, wajen mata. Har yau hannunta na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji.

Washegari kwamiti ya zauna. Irimiya ya zo da fistin ɗin a cikin hankici. Ya ajiye shi kan tebur, a bushe ƙayau, duk ya kakkarce, ya ce, "Ku shafa da yatsa. In kun sami ɗigon mai, ni na yi." Ba wanda ya miƙa hannu. Injiniya ya rantse daga jarkar Irimiya ya ɗura. Wani ɗan kwamiti ya yi dariya ya ce, "To, bakanike da injiniya, maganar wa za mu ɗauka?" Irimiya ya ce jarkarsa tana but ɗin motata, ko buɗe ta ba a yi ba. Aka juyo aka tambaye ni. Na ce ban duba ba. Motar tana ƙofar ofis, taku ashirin daga inda muke. Ba wanda ya ce a je a duba, ni ma ban ce ba.

Ran Litinin na buga sanarwar kwamiti a jarida, cewa haɗin man da bakaniken ƙungiya ya yi ne ya jawo hatsarin, kuma an kore shi. Ran Laraba na buɗe but a wurin wankin mota. Jarkar tana ciki, cike taf, salatif ɗinta bai motsu ba, jan ƙyallen na ɗaure. Dokar aikinmu ita ce, in ka buga kuskure, ka buga gyara. Ban buga ba. Wannan jawabi shi ne gyaran, ya makara da shekara huɗu.

Mun san abin da ya biyo baya, domin a gabanmu aka yi. Masu kawo janareto suka ɗauke ƙafa. Wa zai ba mai sakaci injinsa? 'Yan acaba suka sa masa suna Mai Kisa, suna kira in ya wuce. Mu da ya koya wa kunna farfela ba tare da ta datse mana yatsu ba, muka riƙa sauya hanya in mun hango rumfarsa. Mutum ɗaya ya ci gaba da zama a bencinsa kullum, Malam Ladan mai walda, wanda shi ba ma ɗan ƙungiya ba ne. Malam Ladan, mun ji kunya a gabanka.

Malama Kubura, kin san yana zuwa gidanki duk Juma'a da yamma, ya gyara abin da ya lalace, ya ɗebo miki ruwa. Kin gaya mini kin ɗauka nauyin laifi ne ke kawo shi, kin kuma yafe masa. Allah ya saka miki. Amma ki sani yau: ba shi da abin da za ki yafe. Wanda ya kamata ya zo ƙofarki bai taɓa tambayar ina gidan yake ba.

Yanzu kuma kwamitin nan ya sanar a cikin takardar taron da ke hannunku cewa zai kafa Kofin Irimiya Josiah, kuma yana roƙon iyali su ba ƙungiya injinansa guda tara domin tarihi. Ba tarihi ba ne damuwarku. Tun da kuka kore shi injuna huɗu sun ƙone a filin nan, kuma kun san nasa ne kaɗai a garin nan ke tashi a murɗin farfela na biyu. Kun hana shi shiga fili yana raye, kuna so ku shigar da kayansa yana kabari. Kuna so ku rubuta sunansa a jikin kofi, alhali a fayil ɗinku sunan yana ƙarƙashin kalmar sakaci.

Mama Hannah, injinan naki ne, ba ni da hurumin gaya miki yadda za ki yi da su. Jiya dai kin ce mini, "Ni ba ƙarfe ya dame ni ba. Jikokina za su girma su ji an ce kakansu ya karya mace." Ke kika ba ni izinin faɗin wannan duka, na gode. Faith, 'yata, ke kika sha tsokana a makaranta saboda labarin da na buga. Ba na neman ki yafe mini yau.

Injiniya, ga takarda a kan teburin nan, layi huɗu ce. Ta ce kwamiti ya janye sanarwarsa, Irimiya Josiah ba shi da hannu a hatsarin, fetur zalla aka ɗura, kuma ba shi ya ɗura ba. Ban sa sunan wanda ya ɗura ba. Wannan na bar maka. Na sa hannu a ƙasa a matsayin shaida. Malam Sheshi, sakataren ƙungiya, ya sa nasa da safen nan. Saura layin shugaba. Jawabin nan za a buga shi a raba ran Litinin, da hoton takardar a bayansa, ko da sa hannunka ko da gurbinsa fari.

Na gode wa ikilisiya da ta ba mu wuri, da matan zumunta da suka yi hidima, da duk wanda ya taso daga nesa. Ubangiji ya ba bawansa Irimiya hutawa. Ya ta'azantar da Mama Hannah da zuriyarta, ya sauƙaƙa wa Malama Kubura ciwonta. Ya gafarta mana mu da muka gani muka yi shiru. Ya kai kowa gida lafiya. Amin.

Rabaran, ina roƙon a ɗan dakata da waƙar rufewa. Injiniya, biro na nan kusa da takardar. Muna jiranka.