Dokin da Ya Cire wa Sambo Haƙori

Ranar Juma'a da la'asar, a tashar bas ta Batha, can ƙasar waje, injiniya Bashari ya shagala da kallon 'yan Pakistan suna kurket, wasan ƙwallo da sanda, a wani fili. Wani baƙo ɗauke da kwalin lemo yana tsaye kusa da shi.

"Yalla, maza make ta!" in ji Bashari. "Kai, yaron nan ya riƙe sanda kamar muciya!"

"Ashe Bahaushe ne!" in ji baƙon. "Malam, ka san wasan nan?"

"Gadon gidanmu ne! Babana da ƙannensa biyu su suka riƙe wa lardin Katsina kurket tun zamanin Turawa. Autansu har zari-ruga ya yi, wasan gudu da ƙwallo a hannu, ƙarti uku ba sa kayar da shi."

"Wane ne mahaifin naka?"

"Sambo Dogo! Har ya ajiye sanda, ba a haifi mai fitar da shi daga wasa ba."

Baƙon ya dire kwalinsa. "Sambo Dogo mai giɓi?"

"Shi fa! Doki ne ya harbe shi yana saurayi."

"Doki? A filin Zariya? Jifa ɗaya aka yi masa, ƙwallo ta daki ƙasa ta tashi, ta tafi da haƙori, ta faɗo ta watsar da sandunan da yake tsarewa a bayansa, aka fitar da shi!"

Bashari ya juyo ya dube shi. "Wa ya gaya maka?"

"Dokin da bakinsa, Malam, wato mai jifar. Shi ya haife ni."

Bas ta zo ta wuce. Bashari ya cafke hannun baƙon, yana dariya har da ƙwalla.

"Wallahi hutun nan sai na kai ka gaban tsoho! Tun muna yara muke tsine wa dokin maƙwabcinmu a banza!"