Manhajar da Yaya Ya Sa wa Ummi

Auta: Salamu alaikum. Yaya, ina wuni?

Yaya: Wa'alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya gida? Ya ɗinki?

Auta: Alhamdulillahi. Ya Anti da yara? Ƙafar taka ta saki?

Yaya: Da sauƙi sosai. Ya Inna? Ya 'yar tawa, tana dai taimaka muku?

Auta: Me ka ce? Wannan ƙara fa?

Yaya: Ƙarfen ƙofa muke yankawa. Bari in fita daga shagon. Yauwa. Na ce ya Ummi?

Auta: Tana lafiya, sai dai zulumi. Makarantar jinyar nan da ta samu suna jiran amsa, kai kuma ka yi gum. Ko abinci ba ta ci sosai.

Yaya: Ai dalilin kiran ke nan. Na amince, ta tafi.

Auta: Yaya, da gaske? Kai da ka ce 'yarka ba za ta kwana a wani gari ba sai in ba ka numfashi?

Yaya: Na faɗa, amma yanzu ina da hujja. Ki riƙe wannan a cikinki. Wayar da na saya mata lokacin da ta koma wajenku, kafin in ba ta sai da na kai wa mai gyaran waya ya sa mata wata manhaja. Duk inda ta taka ina gani a tawa. In ta kunna ina gani, in ta ajiye ina gani.

Auta: Iye. Kyauta ake sawa?

Yaya: Ina fa kyauta, duk wata sai sun zare nasu. Ƙaramar ma na ɗauka. Akwai babba mai nuna saƙonni da waɗanda aka kira, na ga kuɗin zai yi min nauyi. Amma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba. Auta, yarinyar nan ta ba ni kunya.

Auta: To, me ka gani?

Yaya: Ana sallar isha ta kife waya, ba ta sake taɓa ta sai asuba. Ba bidiyon rawa, ba hira. Rediyo kawai take ji. Ba ta zuwa ko'ina sai gidan maƙwabciyarku, tsohuwar nan mai ciwon baya, ta zauna da ita har la'asar. Wace budurwa ce za ta yi haka a zamanin nan?

Auta: Babu kam.

Yaya: Sannan duk mako sai ta je asibiti. Ba a fara karatun ba, amma har ta fara zuwa ganin yadda ake aikin. Ranar da na gane haka sai da na yi ƙwalla a gaban yaran shago... Hello? Dariya kike yi?

Auta: A'a, layin ne. Yaya, wayar nan shuɗiya ce, mai tsagewa a gefe?

Yaya: Ita ce.

Auta: Tana cikin jakar Inna.

Yaya: Ta ara ne?

Auta: Tata ce. Tun da ƙaramar wayarta ta faɗa bokitin wanki Ummi ta ba ta wannan, ita kuma Ummi ta mayar da layinta cikin tsohuwar wayata. An daɗe ai.

Yaya: Tsaya. Kina nufin duk watannin nan...

Auta: Mahaifiyarka kake gadi. Kuma ka gode Allah, ta fito da hali mai kyau.

Yaya: Auta, ba na son wasa.

Auta: Wallahi ba wasa. Wa kake zato zai yini wajen mai ciwon baya in ba ƙawarta ba?

Yaya: To asibitin fa? Me Inna take yi a asibiti?

Auta: Ido ne. Yanar ido ce ta yi mata, aka wanke, yanzu ita ke zura min zare a allura. Ita ta hana a gaya maka, ta ce za ka rufe shago ka zo ka tsaya mata a ka kana huci.

Yaya: A yi wa uwata aikin ido ban sani ba? Wa ya kai ta?

Auta: Ummi. Ita ta bi layi, ita ta yi magana da likita, ita ke ɗiga mata magani. Da Inna ta tsorata a ƙofar ɗakin aikin, ita ta riƙe mata hannu tana ba ta labari har aka shiga da ita. Wannan manhajarka ta nuna maka?

Yaya: Ba ta nuna ba.

Auta: Kuma tun makon farko Ummi ta san da abin. Waya ta yi ta zafi kamar dutsen guga, caji ba ya kai azahar, sai ta bincika ta gani. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora tukunya.

Yaya: Ba ta ce min komai ba. Kullum muna gaisawa.

Auta: Me za ta ce? Ni ma in tambaye ka, lambar sirrin shiga manhajar, wa ya sa ta?

Yaya: Mai gyaran. Shi ya rubuta min.

Auta: Ka canza?

Yaya: Ana canzawa ne?

Auta: Ka ji ko. Wato wani ƙato yana zaune a rumfarsa, in ya ga dama ya san lokacin da gidanmu ba kowa. Da wayar na hannun Ummi, da ya san duk titin da take bi ita kaɗai.

Yaya: Subhanallahi. Ban kawo wannan ba. Yau ɗin nan zan je a cire. Amma Auta, kin ga an dawo da ni baya. Ni yanzu ban san komai a kan yarinyar nan ba. Maganar tafiyar nan a ɗan dakata, sai na... Ke dai kar Inna ta ji.

Auta: Hannuna biyu na kan keken ɗinki, Yaya. Tun da ka kira wayar a bayyane take, kowa na jin ka. Ga Inna nan a kan tabarma.

Inna: Miƙo min. Kai, Babba.

Yaya: Na'am, Inna. Ina wuni? Ya jiki? Ashe ido...

Inna: Ido ya warke, har na ga furfurar da Auta ke ɓoyewa. Na ji za ka je a cire abin nan.

Yaya: Eh, Inna, ki yi haƙuri, ban san...

Inna: Kar ka cire. Ka sa a kori mai rumfar daga ciki, kai ka zauna. Da Ummi ta ce min safe da yamma kana duba inda wayar take, daɗi na ji. Ka daɗe ba ka kula da ni haka ba.

Yaya: Inna, aiki ne ya yi yawa.

Inna: Na sani. Ka ci gaba da biya. Ita kuma yarinya jibi za ta ɗaure kayanta, kuma da wayar da ba kowa a cikinta za ta tafi.

Yaya: To in ina so in san halin da take ciki fa?

Inna: Ka kira ta ka tambaya. Tana da baki, ni shaida ce.

Yaya: Shi ke nan, Inna. Na yarda ta tafi. Tana kusa? Ba ni ita, ina so in...

Inna: Ba a waya ba. Ka tako ka zo ka faɗa mata. Auta, ina ake dannawa ya mutu?